Ummulkhair, Uwar da Ta Kasa Barin Ɗanta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 15 ga Oktoba, 2024, Allah Ya karɓi ran ƙanwata Ummulkhair a wani asibiti a Gumel, jim kaɗan bayan an ciro mata 'ya mace da rai. Hawan jinin masu juna biyu ne ya zama sanadi. Ba ta cika shekara talatin ba.

Ummu, ke ce autarmu, amma ke kike riƙe da zumuncin gidanmu. Tun da aure ya kai ki Gagarawa Tasha, kaka ba ta taɓa wucewa ba ki aiko wa Iya, mahaifiyarmu, da kantun riɗin da kika yi da hannunki ba, har da saƙon ta ɓoye kada jikoki su cinye mata.

A cikinki na fari muka fara sanin wannan ciwo. Ƙafafunki suka kumbura har takalmi ya daina shiga, muka ɗauka nauyin ciki ne. Sai da jijjiga ta kama ki aka gane jininki ya hau. Ismail ya zo bakwaini, ya daɗe a kwalba. Likita ya ce ciwon ya hana shi samun isasshen abinci tun a ciki, kuma zuwan da ya yi da wuri na iya taɓa girmansa. Haka kuwa aka yi. Sa'anninsa suka yi zama, suka yi rarrafe, suka fara gudu a ƙofar gida, shi yana kan tabarma. Yau shekararsa huɗu, bai taka ba, bai yi magana ba. Haɗiya ma wahala take ba shi. Ke kaɗai kika san yadda za ki tallafi wuyansa ki ɗura masa kunu ba tare da ya ƙware ba, kuma ba ya buɗe baki ga hannun kowa sai naki.

Ban taɓa jin kin yi ƙorafi ba. Abin da kika yi shi ne bin matan unguwa kina tura su awo. Maƙwabciyarki A'i ta faɗa a wurin zaman makoki cewa lokacin tana da juna biyu, ranar da kika ga fuskarta ta tasa, tana kukan ciwon kai, ke kika tare mai babur, kika goya Ismail, kika raka ta asibiti. Ga ɗanta nan yana wasa lafiya lau.

Da wannan cikin ya zo ba ki taɓa fasa awo ba, kina shan magani kan ƙa'ida. Amma da ya shiga wata bakwai jinin ya ƙi sauka, aka ce a ba ki gado. Kika yarda. Na ɗauki Ismail zuwa gidana. Ya ƙi ci. Na gwada, Iya ta gwada, har mahaifinsa Abdulfatah ya ajiye motar da yake ɗaukar dabbobi da ita daga kasuwar Maigatari ya zo ya gwada. Yaron ya rufe baki, idanunsa suka faɗa. Muka kai miki shi asibiti, kukan marasa lafiya ya firgita shi, jikinsa ya riƙa sandarewa.

Na ce miki, "Ummu, ki yi haƙuri ki kwanta, yunwa za ta sa ya ci."

Kika ce, "Yaya, ba ki san shi ba. Zai mutu bai ci ba. In na kwanta na rasa shi, in na tashi wataƙila na rasa kaina da na cikin. Ki zaɓar min, ni na kasa."

Ban iya zaɓar miki ba. Kika roƙi sallama, ma'aikaciyar jinya tana ba ki baki, kika dawo gidana a Gumel don ki kasance kusa da asibiti. Ismail ya ci, ya murmure. Ke kuma ganinki ya fara dishi-dishi. Ranar Talatar nan kina ba shi kunun safe kofin ya suɓuce daga hannunki. Jijjiga ta kama ki, ba ta sake ki ba har muka isa asibiti, ba ki kuma farfaɗo kin ga 'yarki ba.

Yanzu Ismail yana karɓar cokali biyu ko uku a hannuna, yana kallon ƙofa. Jaririyar tana kwalba. Likitoci sun ce ba za su iya faɗin yadda girmanta zai kasance ba sai a hankali. Abdulfatah ya mayar mata da sunanki, amma har yau Iya ba ta iya furta shi ba.

Ina yi wa Iya ta'aziyya, da Abdulfatah da danginsa, da matan Gagarawa Tasha da suka cika mana gida suna kuka. Ya Allah Ka jiƙan Ummulkhair, Ka yafe mata, Ka haskaka kabarinta, Ka rubuta ta cikin shahidai. Ka ba mu ƙarfin riƙon abin da ta bari. Ya Allah, waɗannan yara biyu ba su da bakin roƙonKa, mu muke roƙa musu: Ka raya su, Ka tashe su a kan ƙafafunsu. Amin.

Yayarki,
Tayyiba, Gumel