Giyar da Ba Mu Sha Ba

A shekarar 2007 aka haifa min 'yar fari ina Guangzhou ta ƙasar Sin wajen sarin takalma a kasuwar Zhanxi Lu. Na yanki tikitin jirgin yammacin Asabar, don in isa Kano kafin ranar suna. Mai hankali zai zauna a masauki ya ɗaure kayansa. Ni kuwa da safiyar Asabar ɗin sai na tafi hawan dutse.

Laoban ɗina, wato mai shagon da nake sari a wurinsa, shi ya ce wannan ne barkarsa. Ya haɗa ni da kawunsa, wani tsoho da ya san duwatsun arewacin gari kamar tafin hannunsa. Na ja abokina, ɗan zangon Kumasi mai tura kaya ta jirgin ruwa, domin shi yana ɗan taɓa Sinanci. Motar ƙarshe mai komawa gari tana barin gindin dutsen ƙarfe uku, tsohon ya ce ƙarfe biyu za mu sauko.

Da hantsi muka kai wata bukka can sama cikin gora, inda abokan tsohon su huɗu suke kiwon zuma. Suka yi murna da baƙi, suka fito da ƙananan kofuna da wata farar giya mai warin kananzir. Muka dafa ƙirji muka ce mu Musulmi ne. Ba su ji haushi ba ko kaɗan. Ashe a al'adarsu, in baƙo ba ya sha, wanda ya kawo shi ne zai shanye masa.

Kowane ɗayansu ya ɗaga kofi don girmama ni, tsoho ya shanye nawa da nasa. Aka koma kan abokina. Sai abokin nawa, don iyayi, ya sanar da su an yi min haihuwa.

"Kai, me ka gaya musu?" na tambaye shi, ganin an ɗauko sabon tulu.

"Maigida, albishir kawai na yi fa."

Muna ta cewa "xiexie, xiexie", wato mun gode, muna jin kanmu masu tsoron Allah, jagoranmu yana ta narkewa. Da aka tashi, ƙafafunsa suka ce ba da su ba.

Goya shi muka yi, ni da abokina muna karɓa-karɓa. Duk inda hanya ta rabu, sai ya ɗaga yatsa daga bayana ya nuna, yana rera waƙa a kunnena. Na yarda da yatsan nan fiye da yadda na taɓa yarda da wani ɗan Adam. Bai kuskure ko sau ɗaya ba. Tiryan-tiryan ya kai mu ƙofar gidansa, a wani ƙauye da ke bayan dutsen, ƙarfe huɗu saura.

Matarsa ta karɓe shi kamar an kawo mata buhun shinkafa. Abokina ya tambaye ta mota.

"Meiyou," in ji ta. Babu, sai gobe.

Na zauna a kan turmin dutse, kaji suna zagaya ni, na yi dariya har hawaye, daga nan dariyar ta ƙare hawayen suka ci gaba.

Ban sami wata kujera a jirgi ba sai Alhamis. Ranar Talata da rana, ina tsaye a matakalar kasuwa tsakanin kwalayen takalma, ƙanena ya kira daga Kano ya ɗaga wayarsa sama cikin taron ƙofar gidanmu. Haka na ji sunan 'yata, bayan maƙwabta sun riga ni ji.