Kunnen Mai Tayil

Babana mai sa tayil ne, kuma duk wanda ya san shi ya san bai ɗauki fenti a bakin komai ba. In ya shiga gida ya tarar da banɗaki da fenti, sai ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai hoda aka shafa wa bango, ruwa na taɓa ta ta tafi." Akwai wani abokinsa mai fenti da suka taso tare, kullum cikin tsiya suke. Baba ya ce masa mai hoda, shi kuma ya ce wa Baba mai manna faranti. Tun ina ƙarama haka na gan su, ba su taɓa ɓatawa ba, ba su kuma taɓa yarda da sana'ar juna ba.

Rabin aikin Baba a kunne yake. In ya gama jera tayil a bango, siminti ya kama, sai ya ɗauko wata tsohuwar sukudireba mai ƙotar katako, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana bugawa da ƙotar. Wanda ya zauna daram ƙararsa gajeriya ce, a dunƙule. Wanda iska ta maƙale a bayansa kuwa sai ya yi ƙarar holoko, kamar an buga gwangwanin da ba komai a ciki. Irin wannan Baba ke kira maƙaryaci, don a ido ba shi da aibu, amma ruwa zai yi ta bin bayansa har wata rana ya saki bango ya faɗo kan wanda ke ƙasa. Sunan mahaifiyarsa ya sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata. Ina yarinya yakan buga tayil ɗin gidanmu ya ce, "Uwata, wanne ne maƙaryaci?" Da wasa da wasa kunnena ya iya.

Maigidana direba ne a wani kamfani. Da kyar da jiɓin goshi ya gina mana ɗan gida, komai ya kammala sai banɗaki. Ni kuma ga tsohon ciki, ga mai gidan hayarmu ya riga ya yi wa wani alkawarin ɗakin. Maigidan ya sayo tayil fari mai shuɗin layi, ya jibge kwalayen a baranda, ya je har gida ya durƙusa ya gayyato Baba.

Baba ya zo, ya shiga banɗakin, ya shafa filastar bangon da tafin hannu, ya daɗe yana kallon sama. Sannan ya juyo ya ce, "Ku yi masa fenti."

Dariya na yi, na ɗauka tsokana ce. Da na dubi fuskarsa sai dariyar ta maƙale mini.

"Baba, fenti fa ka ce?"

"Mai maiko za ku saya, yana jure ruwa. In ya koɗe a sake."

"To tayil ɗin da aka sayo fa?"

"A mayar."

Ya saka takalminsa ya tafi, ko ruwan da na kawo masa bai sha ba. Ni da maigidana muka koma gidan haya. Shi mutum ne mai haƙuri, amma in abu ya taɓa masa zuciya shiru yake yi, shirun da ya fi faɗa ciwo. Can ya ce, "Gidajen manya yana yi musu har rufi. Namu ne bai kai ba."

"Haba, kai ma ka san Baba ba haka yake ba."

"To yaya yake? Ni dai ɗana ba zai yi wanka a banɗakin da zai riƙa ɓarewa yana yin baƙi ba. In Baba ba zai yi ba, akwai mai tayil na bakin titi. Kafin ƙarshen mako zan kira shi."

Na bakin titin nan shi ke ƙwace wa Baba aiki a 'yan shekarun nan. Ranar da aka ga motarsa a ƙofar gidan 'yar Mai Tayil, an gama da Baba. Magina da masu fenti da kafintoci za su yi ta yawo da zancen daga gini zuwa gini, cewa ko 'yar cikinsa ba ta yarda da hannunsa ba. Sunan nan shi ne kawai abin da ya tara a duniya.

Washegari da hantsi na nufi gidanmu, raina a ɓace, na shirya maganganu iri-iri a hanya. Na tarar da shi a tsakar gida ya ba ƙofa baya, yana wanke cokulan gini a bokiti. Na yi sallama, shiru. Na gaishe shi, shiru. Na ɗaga murya na ce, "Baba, ni kake yi wa haka?" Ko motsi bai yi ba. Hawaye har sun kawo mini, sai Umma ta fito ta kama hannuna ta ja ni kicin.

"Ke da Allah rage murya," in ji ta, sai kuma ta yi wani ɗan murmushi mai ciwo. "Ko da yake ɗaga abinki. Ba ya ji."

Na zauna a kan turmi ba tare da na sani ba. Nan take abubuwa suka riƙa dawo mini: rediyonsa da ke cika gida da ƙara, yadda yake ƙura wa bakin mutum ido in ana magana, da "to, to" ɗin da yake amsa kowace tambaya da shi. Umma ta ce injin yankan tayil ne ya cinye masa kunne a hankali, shekara da shekaru yana kuka a gefen kansa. Ta ce a bara wani tayil da ya sa a banɗakin wasu mutane ya faɗo, ya yanke matar gidan a dunduniya. Mai gidan mutumin kirki ne, bai fasa zancen ba. Baba ya je ya sake bangon gaba ɗaya, ya dawo ya kwana bai ci abinci ba. Tun daga ranar aikin daɓe kawai yake karɓa, don na ƙasa ba ya faɗo wa kowa.

"Ya ce in na gaya wa wani, ban yi masa adalci ba," in ji Umma. "Ke ma ba ni na gaya miki ba."

Na fita na zagaya ta gabansa, na durƙusa da kyar saboda cikin. Ya ɗago a firgice, ya ce, "A'a, Uwata, yaushe a gari?" Na bari sai da idonsa ya sauka a bakina, na ce a hankali, "Baba, wanne ne maƙaryaci?"

Ruwa na ɗiga daga cokalin da ke hannunsa. Bai tambaye ni wa ya faɗa mini ba.

"Hannunka lafiya lau yake," na ce. "Kai ka jera, ka buga, ni in saurara."

"Ke da wannan cikin?"

"Da kunne zan yi, ba da ciki ba."

Sai da na gaya masa zancen na bakin titi sannan ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Mijinki kada ya sani." Na ce ba zai sani ba.

Haka muka fara. Maigidan na fita aiki, ni ma sai in tafi sabon gida in zauna a kan wata 'yar kujera a ƙofar banɗaki. Wallahi hannun Baba bai tsufa ba. Yadda yake shafa siminti a bayan tayil, ya ɗora, ya ɗan murza shi ya zauna, ko zare ba ya bukatar dubawa sau biyu. In layi ya bushe sai ya ɗauko sukudireba, ya buga, ya waiwayo. In na gyaɗa kai ya wuce, in na girgiza ya ɓamɓare. Mun kama maƙaryata 'yan kaɗan a layukan ƙasa, kowanne kuwa sai ya juya bayansa ya ƙura masa ido kamar ɗan da ya ba shi kunya. Maigidan in ya biyo da yamma sai ya yi ta washe baki, fushi ya tafi.

Ranar da za mu buga layukan sama, Baba na kan benci ya ba ni baya, sai na ji tsayuwar mota. Maigidana ne ya dawo da rana tsaka, tare da filamba, wai a ɗaura bututun shawa a huta. Filamban nan kuwa bakinsa ba ya riƙe ko ruwa. Abin da ya gani a gini da safe, kafin azahar ya kai ƙarshen gari.

Suka tsaya a bakin ƙofa. Baba ya ga inuwarsu, ya waiwayo, aka gaisa, ya amsa da "to, to." Na ga idonsa ya zo kaina ya wuce. In ya ci gaba da waiwayowa yana duban kaina bayan kowane bugu, filamba zai gane. In ya sauka bai gama ba, a tambaye shi dalili. Sai ya juya ya ci gaba da bugawa, har da ɗan karkata kai gefe kamar yadda yake yi a da.

Filamba na ta zuba, ni kuwa duk jikina ya zama kunne. Wannan daram, wannan ma daram. Sai ya zo kan wani a tsakiyar bango, sama da tsayin mutum, daidai saman inda na riga na zaɓa zan riƙa ajiye bahon wankan jariri. Ƙarar ta fito holoko, sarai. Baba ya wuce na gaba.

Na ce a raina bari su tafi tukuna. Ban gama tunanin ba filamba ya ciro injin huda bango, ya hau ɗaya gefen bencin, ya ɗora yatsa a kan wannan tayil ɗin, ba wani ba.

"Nan maƙalin bututu zai zauna. Mai Tayil, ya kama ko?"

Baba ya dubi bakinsa, ya dubi yatsan, ya ce, "Daram."

In na yi shiru, ko dai tayil ɗin ya tarwatse a ƙarƙashin injin kowa ya ga ramin, ko kuma ya ƙi fashewa, a ɗaure bututu a kansa, ya zauna yana jiran ranar da zan kwantar da ɗana a ƙasansa. Yaron ya motsa a cikina. Filamba ya jona waya.

"Baba," na ce a hankali, "maƙaryaci ne."

Bai ji ba. Bayansa kawai nake gani.

"Baba!"

Filamba ya waiwayo, maigidana ya waiwayo, har tsuntsun da ke kan taga ya tashi. Baba na tsaye yana goge ƙotar sukudireba da gefen rigarsa. Na miƙe, na dafa bango, na je na ja ƙafar wandonsa. Ya sunkuyo ya dubi bakina, na maimaita. Daga nan ya ɗaga ido ya ga fuskokinsu, ya gane tun ɗazu ake kiransa.

Bai yi musu ba. Ya ɗauki kurfi, ɗan ƙarfen nan mai faɗin baki, ya zura a gefen tayil ɗin, ya ɗan taɓa, sai ga shi ya taho a hannunsa ba gardama. A bayansa akwai fili kamar tafin hannu da siminti bai taɓa ba. Ya sauko daga benci, ya miƙa wa maigidana, ya ce da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa, "Ka ga abin da ya sa na ce ku yi fenti. Kunnen ya tafi, ɗana. Ba raini ba ne."

Maigidana ya durƙusa da tayil ɗin a hannu, ya kasa ɗago kai. Filamba ya naɗe wayarsa ya ce zai dawo gobe.

A ranar Baba ya ɓamɓare layukan sama duka. Na yi ta roƙonsa, na ce na saurare su da kunnena, lafiyarsu ƙalau. Ya ce, "Na yarda da kunnenki, Uwata. Amma abin da ban ji da nawa ba, ba zai zauna saman kan jikana ba." Ya bar tayil iya ƙirji, ya sake filastar sama da hannunsa.

Kafin filastar ta bushe zancen ya gama gari. Baba ya taka da ƙafarsa har shagon abokinsa mai fenti, ya ce a ara masa buroshi. Umma ta ce ya shirya wa tsiya, har ya tanadi amsa. Abokin bai tsokane shi ba. Ya zaɓo masa mafi kyau, ya rubuta masa yadda ake haɗa fentin a bayan kwali, ya rako shi har titi. Baba ya ce wa Umma wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Shi ya yi fentin da kansa, shuɗi mai haske, ya dace da layin tayil ɗin. Bai ƙara karɓar aikin bango ba, na daɓe ma ya yi ta raguwa har ya daina zuwa. Ranar da ya gama fentin namu, ya wanke buroshin, ya ajiye mini sukudirebar a kan taga ya tafi.

Yanzu yarona ya fara tafiya. In ina yi masa wanka yana son ya riƙa bubbuga tayil da kofin roba yana ƙyalƙyala dariya. Rannan Baba ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonsa. Can ya tsuguna, ya ɗora tafin hannunsa a bangon kusa da inda yaron ke bugawa, ya ɗago ya dube ni. Na gyaɗa masa kai.