Ƙafar Tela Ta Ɗau Zafi

Shekara talatin da ɗaya Tela ta yi tana taka keken ɗinki, ko sau ɗaya ba ta taɓa hawansa da takalmi ba. Tana shiga shago za ta tuɓe silifas a bakin ƙofa, ta zauna, ta ɗora tafin ƙafar dama a kan farantin ƙarfen da ake takawa. Cewa take da ƙafa ake jin keke: in zare zai harɗe, ko bel ya saki, ƙafa ce ke fara sani kafin ido. Kowa Tela yake ce mata, har mijinta. Shagon ɗaki ɗaya ne a jikin gidansu, da taga ɗaya, da teburin yanka, da ƙyallaye ko'ina. Fil kuwa, in aka share ƙasa sai a tara cikin cokali.

Mace ce mai baki. Ka kawo yadi huɗu ka ce a fitar maka da abin yadi shida, za ta dube ka ta saman tabarau ta ce, "To ni na saƙa shi?" Amma ɗinkinta ba ya warwarewa, shi ya sa ake jure mata.

Ciwon suga ya kama ta shekara tara da suka wuce. Magani kam tana sha, ba ta wasa da shi, don ta ga abin da ciwon ya yi wa yayarta. 'Yar ƙujewa ce a ɗan yatsa ta zama gyambo, gyambon ya ƙi warkewa, aka ƙare da yanke ƙafa daga gwiwa. Tun daga nan Tela ba ta son a yi zancen ƙafa a gabanta. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kuma ita in ta tsorata faɗa take yi. Kantar da ke fito mata a gindin babban yatsa, daidai inda take danna ƙarfen, in ta yi kauri sai ta ɗauki rezar farke ɗinki ta kankare ta, ta ci gaba da aikinta.

Mijinta tsohon direban babbar mota ne, matsalar ido ce ta sa ya ajiye tuƙi. Yanzu aikinsa zama a benci a shagon da kofin shayi, yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Wata safiya ƙwaryar zare ta suɓuce mata ta gangara ƙarƙashin keke. Ya sunkuya zai ɗauko, bayan hannunsa ya gogi ƙafarta ta dama. Sai ya tsaya. Ya taɓa ta hagu, ya dawo ya taɓa ta dama, ya sake komawa.

"Malam, lafiya? Zaren na can, ba a ƙafata yake ba."

"Tela, wannan ta fi waccan zafi."

"Ita ke aiki, ba dole ta yi zafi ba?"

"Yanzu kika zauna. Ko ɗinki ɗaya ba ki yi ba." Ya miƙe yana dafe da ƙugu. "Shekara nawa ina zagaya mota a duk tsayawa, ina sa hannu a kan tayoyi ɗaya bayan ɗaya. In ɗaya ta fi 'yan uwanta zafi, ba na jiran in ga tsaga. Ɗauko mayafinki."

"Oho, yau kuma taya na zama? Ina da riguna shida da za a karɓa jibi!"

Ya je bakin ƙofa ya ɗauko silifas ɗinta ya ajiye mata a gabanta, ya tsaya. Mutumin nan bai iya gardama ba, tsayuwa ya iya. Ta yi tsaki, ta yi mita, ta ɗauko mayafin.

A asibiti wata nas mai sanyin murya ta sa ta kwanta ta rufe ido. Ta ɗauko wani ɗan siririn tsinken roba ta ce, "Mama, duk inda kika ji na taɓa, ki ce e." Tela ta rufe ido tana jira. Ta jira, ta jira, har ta ƙosa ta ce, "'Yata, ki fara mana."

"Na gama, Mama. Wuri goma na taɓa."

Nas ta bayyana musu cewa suga kan kashe jijiyoyin ji a hankali, har mutum ya taka allura bai sani ba. Ta rage kantar da kayan aikinta, sai ga ɗigon jini baƙi kwance a ƙarƙashi. Fatar dai ba ta fashe ba tukuna.

"Baba, hannunka ya yi aiki," in ji ta. "Sau da yawa wurin da gyambo zai fito yakan ɗau zafi kafin ya buɗe. Kun zo a kan lokaci."

Sannan ta juya ga Tela, ba wasa a fuskarta. Ba taka keke sai wurin ya huce, ko da zai kai wata guda. Ba yawo ƙafa ba takalmi, ko a tsakar ɗaki. Reza kuma ta koma kan ɗinki. Kullum da safe a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, a zura hannu cikin takalmi kafin a sa, kuma a dawo bayan mako ɗaya.

Da suka dawo, Tela ta zauna a bencin mijinta, ƙafar a kan matashi. Shi ya ɗauko zani ya lulluɓe keken, a karkace ma, amma ba ta gyara masa ba. Ta daɗe tana kallon rigunan nan shida a rataye. Ita da ba ta rasa abin faɗa, yau sai da ta nemo murya.

"Malam, zan gaya maka wani abu. Na fi shekara biyu ba na jin ƙarfen nan a ƙafata. Da kunne nake ɗinki. Na ɓoye ne don ina tsoron in faɗa a ce za a yanke."

Ya zauna a gefenta, ya ɗora bayan hannunsa a kan ƙafar.

"Na yi zargi," ya ce. "Tun ranar da na taka miki ita da takalmina, na tsaya ina jiran faɗa, kika ci gaba da yanka yadinki. Ni ma tsoron tambaya na ji."