Na Karanta Takardar Gwaji, Ban Duba Ƙafar Mama Ba

Shekarar da na gama makarantar koyon aikin jinya ban fi shekara ashirin da uku ba, kuma babu abin da ke burge ni kamar takardar sakamakon gwajin jini. Tun ina ƙarama ni mai son bin diddigi ce, har mahaifiyata kan ce idan ana so in buɗe tukunya, a ce min kada in buɗe. A makaranta sai na gamu da abin da ya dace da halina: ɗan jini kaɗan a kwalba ya fito da lambobi masu tona abin da ke ɓoye a cikin mutum. Na haddace su kamar karatun allo. Da na samu aiki a wani ƙaramin asibiti, na kama ɗaki a gidan haya a Dutsen Kura, kafin wata biyu duk layinmu ya san an samu Sista. Da yamma in na sauka daga keke napep sai in tarar da mutum biyu ko uku a ƙofa, kowa da takardarsa a ninke. Ni kuwa abin nema ya samu.

Halinmu ne a nan Minna, idan jiki ya yi nauyi ba a fara zuwa wurin likita. Ɗakin gwaji ake wucewa a ce a duba maleriya da taifot, tare ake faɗinsu kamar shinkafa da wake, sannan a nemi wanda ya iya karanta abin da ya fito.

Ɗakin da ke manne da nawa na wata dattijuwa ce 'yar Kudancin Kaduna, tela, wadda mijinta ya rasu. Kowa Mama yake ce mata, ita kuma 'yata take ce min. Keken ɗinkinta na ƙafa ne, da shi take ci da kanta, kuma ƙararsa ce ke tashe ni kowace safiya, ban da Lahadi da take tafiya coci. Ita ta rage min farar rigar aikina ta farko, ta ƙi karɓar komai.

Wata rana ita ma ta shigo da tata takardar, ta ce jikinta babu ƙarfi. Na ga lambar gwajin taifot ta ɗan hau, sai na gyara zama na zuba mata bayani tiryan-tiryan, na rubuta mata sunan magani. Tana fita ta ce ƙishirwa na damunta, jakar ruwan leda na fiya wata ba ta yi mata kwana biyu. Na ce zafin Minna ne, wa ya bari? Bayan wata guda ta dawo da takarda ta biyu, ta ce siket ɗinta duk sun yi mata yawa. Na tsokane ta cewa 'yanmatanci ne ke dawowa, muka yi dariya, na canza mata magani. Wallahi ko goshinta ban taɓa ba in ji ko akwai zazzaɓi.

Takarda ta uku, wadda ta kawo a wata na huɗu, ita ce ta tsaya min a rai, kuma kunya nake ji in faɗi dalili. Ba Mama ce ta dame ni ba, lambar ce. Me ya hana ta sauka bayan magani iri biyu? Na kwashi takardun uku na kai wa wata tsohuwar nas da muke aiki tare, ina ɗokin mu warware wannan sirri. Ko buɗe su ba ta yi ba. Ta tambaye ni ko mai takardar tana zazzaɓi, ko na auna nauyinta, sau nawa take fitsari a wuni, yaya harshenta, yaya ƙafafunta. Ko ɗaya ban taɓa dubawa ba. Ta ce a ƙasa irin tamu, mutane da yawa masu lafiya garau in an gwada su irin wannan lamba za ta fito, don jikinsu ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar. Sannan ta ce takarda abin da aka tambaye ta kawai take amsawa, wanda ba a tambaya ba sai ta yi shiru. Ta miƙo min 'yar na'urar auna sukari ta ce in je in kalli matar.

A hanya ne na tuna cewa kwana biyu ƙarar keken ta canza, yana tafiya yana tsayawa. Na tarar da Mama ta naɗe ƙafar dama da ƙyallen atamfa. Ta ce ɗan ciwo ne, kuma ta gode Allah ko zafi ba ya yi. Ina kwancewa wari ya buge ni. Ƙarƙashin babban yatsa ya yi baƙi, ga guntun allurar ɗinki a nutse a ciki, ita kuma ba ta san ranar da ta taka ba. Na ce ta rufe ido, na riƙa taɓa tafin ƙafar da murfin biro ina tambaya ko ta ji, ita kuma tana tambayata ko na fara. Na huda mata yatsan hannu, lambar da ta fito ta ninka ta mai lafiya fiye da sau uku. A lokacin ne ta ce min, cikin jin nauyi, ta daɗe tana ganin tururuwa na taruwa inda ta yi fitsari, amma tunda ba a tambaye ta ba ta ɗauka ba abin faɗi ba ne.

A babban asibiti likita ya tabbatar ciwon sukari ne, ya tambaya ko wane ne ke ba ta maganin taifot har wata huɗu. Kafin in buɗe baki Mama ta ce ita ke saye da kanta. Ina tsaye a gefe cikin rigar da ta rage min, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. An ceci ƙafar, amma an cire babban yatsa da na kusa da shi.

Abin da na koya shi ne son sani ba laifi ba ne, inda na kai nawa ne kuskure: na ba takarda, na hana mutum. 'Yan'uwana ma'aikatan jinya, musamman sababbi, ku fara da kallo da tambaya da taɓawa, takarda ta biyo baya. Ku kuma jama'a, ku daina zaɓa wa kanku gwaji, kuma duk abin da kuka gani a jikinku ku faɗa ko ba a tambaya ba. Yanzu duk wanda ya kawo min takarda, kife ta nake yi a tebur in ce ya cire takalmi.

Mama ta koyi taka keke da ƙafar hagu. Har yau tana gaya wa masu kawo ɗinki cewa 'yarta ce ta gano ciwon. Sau biyu na zauna na gaya mata gaskiya, ta ce in bar tone-tone, ai ya wuce. Amma bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma kowace safiya ina jin inda keken yake ɗingishi.