Na Sauko Da Zumar Baba Daga Kan Tsamiya

Assalamu alaikum Edita, da masu bibiyar wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan ina girgiza kai, ban taɓa zaton ni ma zan ɗauki biro ba. Ni tela ne, shagona yana Takur a cikin Dutse, kuma a lokacin da abin nan ya faru ba abin da nake taƙama da shi a duniya kamar awo. Mutum yana shigowa, kafin ya gama sallama na san faɗin kafaɗarsa, tef ɗin ma don hankalinsa ya kwanta kawai nake ɗora masa. Mai ɗakina takan ce ko tuwo aka zubo mini sai na auna shi da ido kafin na sa hannu. Da wannan ji da kan na faɗa harkar da ban san komai a kanta ba, kuma har yau da nake rubutun nan ban gama gane ta inda abin ya lalace ba.

Mahaifina yana wani ƙauye kusa da Aujara. Manomi ne, amma da zuma aka san shi. Shi yake saƙa amyarsa, wato gidan ƙudan zuma, da gamba, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta da wani haɗin saiwoyi da bai taɓa gaya wa kowa ba, sannan ya hau bishiya ya rataye. Da ciwon gwiwa ya kama shi sai likita ya hana shi hawa, mu 'ya'yansa kuwa duk mun watse birni, ba wanda ya gaje shi. Amyoyin suka riƙa lalacewa ɗaya bayan ɗaya, har ta rage saura guda a kan tsamiyar da ke tsakiyar gonarsa. Zumar da ke cikinta ta daɗe, tun Inna mahaifiyarmu tana da rai take nan, domin Baba bai taɓa kwashe ta duka ba, kullum sai ya bar mata rabonta. Bayan rasuwar Inna, wannan amya ce kaɗai take fitar da shi daga gida. Kowace safiya zai dogara sandarsa ya je gindin tsamiyar ya zauna yana kallon sama, ya dawo yana ba ka labarin ko yau daga furen ɗorawa ƙudan suke ɗebowa. Abin yana ba ni tausayi ƙwarai, ga mutum ga abinsa amma hannunsa ba ya kaiwa.

Wata rana wani da nake yi wa ɗinki ya nuna mini bidiyon akwatin zuma na zamani a wayarsa. Akwatin katako ne da ake ɗorawa a kan ɗan teburi a ƙasa, a ciki an jera wasu katakai masu kusurwa huɗu irin na hoton bango, firam ake ce musu. A kowane firam ana manna wani siririn faifai na kakin zuma mai zanen saƙa, ƙudan su bi zanen su yi gini a kai. In ana son zuma sai a zaro firam ɗaya a duba a mayar, ba hawa, ba fasa komai. Ina gani na ce shi ke nan, na samo wa Baba mafita. Da na kai masa maganar sai ya ce shi dai a saninsa zuma ita take zaɓar awonta a cikin amya, bai taɓa jin an yanka mata ba. Na yi dariya na ce ai awo aikina ne, ya bar mini wannan. Na yi masa alkawarin bana da hannunsa zai ɗebi zumarsa, yana zaune a kan kujera. Wannan alkawarin ne ya sa ya yarda.

Akwatin a nan Dutse na saya, wajen wani mai kayan noma, amma firam ɗin da ya zo da su ba su cika shi ba. Aka ba ni lambar wani a Kano, ya ce yana da firam da faifan kaki, kuma awon duniya guda ne, na sa a raina tamkar sun shiga. Ya ba direba, na karɓa a tasha. Ina kwance ƙullin a shago kaina ya fara ɗaurewa. Wani firam ɗin ya fi akwatin tsawo, kunnuwansa sun hau baki murfi ya ƙi rufuwa. Wani kuma gajere ne, ina sakinsa sai ya zurma ciki. Na ɗauko tef na bi su ɗaya bayan ɗaya, a ƙulli guda da ƙyar na sami biyu da suka zo daidai da juna. Faifan kakin ma haka, wani rawaya mai ƙanshin zuma, wani fari fat yana warin kyandir, wani ya fi firam ɗin faɗi, wani bai kai ba. Na kira na Kano, ya rantse nasa ne awon gaskiya, akwatina ne gurgu. Na koma wajen na Dutse, shi ma ya rantse akwatinsa daga kamfani yake, an dai haɗa ni da kafintan tebur. Kowannensu ya turo mini hoton kayansa da tef a jiki, kuma kowane hoto in ka kalla sai ka ga mai shi ne da gaskiya. Na zauna ina kallon waya ina kallon katako, na rasa wanda zan kama.

A nan ne telancina ya motsa. Mu a wajenmu in riga ba ta zauna ba gyara ake yi, ba a jefarwa. Na kwashi komai na kai wa kafintan da ke layinmu, mutumin kirki, na ce ya rage dogayen, ya ƙera mini sababbi a madadin gajerun. Sai na ƙara masa da abin da nake gaya wa kowa a shago, cewa ya ɗan saki kaɗan, gara a bar sarari da a matse, tun da ƙudan nan yawa za su yi. Haka nake ɗinka wa yara kayan Sallah, kuma ba uwar da ta taɓa dawo mini da su. Shi kuma don ya kyautata mini, da ya ji na Baba ne, sai ya ƙara wa nasa kauri wai don su yi ƙarko. Kakin kuwa ni na sa almakashina na daidaita shi tsaf, har ina yaba hannuna. Da na jera su a akwati, wani wurin yatsa biyu za su shige tsakani, wani wurin ko allura da ƙyar. Na sha jinin jikina, amma murfi ya rufu, sai na ce ai magana ta ƙare.

Na kai akwatin ƙauye, da yamma muka yi wa ƙudan ƙaura. Wani maƙwabcin Baba ya hau ya zuro amyar da igiya, Baba da kansa ya yi hayaƙi ya buɗe ta, ya riƙa yanko saƙar yana miƙo mini, ni kuma ina ɗaure ta a firam da zaren shagona. Ya tambaye ni ko haka tazarar take, domin shi bai san kan wannan abu ba. Na ce haka take. Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin wannan ba tun rasuwar Inna. An ce har abincin rana a gona yake ci, yana kara kunnensa a jikin katakon yana sauraro.

Zafin bazara ya shigo sosai lokacin da na koma don mu buɗe. Na kama firam na farko, ya ƙi motsi, ƙudan sun liƙe shi da na kusa da shi da wani baƙin danƙo. Na koma inda na sa a saki, can kuma sun cike sararin da saƙa a karkace, sun ɗinke firam da firam. Farin kakin nan mai warin kyandir ya narke ya zube a gindin akwati da 'ya'yan ƙudan da ke jikinsa. Na rasa ta inda zan fara, sai na sa ƙarfi na ja. Saƙar ta yage, zuma ta malale a kan 'ya'yan, ƙudan suka taso mana. Baba bai gudu ba. Yana tsaye da sanda a hannu ɗaya, ɗayan hannun a bakin akwatin, ya rasa abin da zai taɓa. Cewa kawai ya yi na rufe.

Daga nan na zama abin tausayi, kowa na kira da tasa. Na Kano ya ce kafinta ne ya ɓata masa kaya. Kafinta ya ce katakonsa lafiya lau yake, a binciki fentin akwatin. Na Dutse ya ce wataƙila sarauniyar ƙudan ce ta mutu tun ranar ƙaura. Wani ya ce na riƙa buɗewa kullum ina gyarawa, wani ya ce kada na kuskura na sake taɓawa. A ƙauye kuwa cewa aka yi baki ne, mutane sun cika zuwa kallon akwatin. Na sake aikawa wani wajen daban a kawo firam, suka zo da wani awon na huɗu da bai dace da kowanne ba. Ni da nake auna mutum da ido, sai ga shi ina zaune a kan keke na manta abin da nake ɗinkawa.

Wata ranar kasuwar Aujara da hantsi wayata ta yi ƙara. Baba ne, shi da bai taɓa kiran kowa da kansa ba. Ya ce zuma ta tashi. A gabansa suka fito, suka hau tsamiyar, suka dunƙule a daidai reshen da amyar take a da. Ya ce ga su nan yana kallonsu, in da za a rataya musu ko tsohuwar amya za su shiga, amma waccan mun fasa ta, kuma duk mazan ƙauyen suna kasuwa. Ya ce ya gwada kama gindin bishiyar, gwiwar ta ƙi. Na rufe shago na hau mota, kafin na isa reshen ba komai. Na same shi zaune a ƙasa, fatar tafin hannunsa ta ɗaye. Bai yi mini faɗa ba, har yau bai yi ba, kuma wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Daga baya aka haɗa ni da wata baiwar Allah a Kafin Hausa da ta daɗe tana kiwon zuma a akwati. Ita ta gaya mini cewa akwatunan nan iri-iri ne, kowanne da firam ɗinsa, don haka yana yiwuwa duk masu rantsuwar nan ba wanda ya yi ƙarya gaba ɗaya. Ta ce tazarar da ƙudan suke so ƙayyadaddiya ce, daidai wucewar jikinsu, in ta ragu su liƙe, in ta ƙaru su cike, kuma ita ma an sha kawo mata ƙulli guda mai awo daban-daban da kakin da aka surka. Na tambaye ta to wanne ne ya kori tamu, gajerun firam ne, ko kakin, ko sakin da na sa a yi, ko jan da na yi. Ta ce Allah kaɗai ya sani, ko ɗaya a ciki ya isa. Na fito daga gidanta kaina ya fi ɗaurewa, domin na je neman wanda zan ɗora wa laifi na dawo da kason nawa a hannu.

Abin da nake roƙon duk mai sha'awar wannan sana'a shi ne, kada rantsuwar mai kaya a waya ta ishe shi. Ka sayi akwati da firam da kaki a hannu ɗaya, ka jera su da kanka a gaban mai su, ka shinshina kakin, ka nemi wanda ya daɗe a harkar ya duba maka tun akwatin yana fanko. Kada ka kai dabarar sana'arka inda ba a san ta ba, ni sakin da yake yi mini rana a riga shi ya kunyata ni a nan. Sama da komai, kada ka yi gwaji da abin da ya rage wa wani guda ɗaya tak.

Baba ya yi watanni bai leƙa gona ba. Da kaka ta yi sai ya sa aka yanko masa gamba, ya zauna a zaure ya saƙa sabuwar amya, ya turara ta, ya aiko na zo. Ni da ban taɓa hawa ko katanga ba, na hau tsamiyar nan da amyar, yana ƙasa yana nuna mini reshen da sanda. Da na sauko na tambaye shi ko za su dawo, ya ce bai sani ba, shi dai nasa ya rataye. Amyar tana nan har yau ba kowa a ciki, kuma kowace safiya Baba yana zuwa ya zauna a ƙarƙashinta.