Ɗan Azumi Mai Kiran Jirgi

A Madarumfa in aka ce Ɗan Azumi Abiyo, tsofaffi taɓe baki suke yi tun ba a ƙarasa sunan ba. Abiyo shi ne jirgin sama a bakin ƴan lakwal, wato ƴan boko. Babu wanda ya raɗa masa wannan suna, shi ya liƙa wa kansa.

Ubansa mutumin kirki ne. Ya mutu ya bar gonar gero a hanyar Safo, da lambu a bakin tafki, da sa guda na noma, da ƴaƴa maza biyu. Babban shi ne Wada, wanda ba ya son yawan magana. Ɗan Azumi kuwa tun yana saurayi in ya riƙe hauya sai ka ce an ba shi maciji. Ranar shuka ciwon kai, ranar noma ciwon baya, ranar cin tuwon sabon gero kuwa lafiyarsa lau.

Ƴan shekaru bayan samun ƴancin kai ya tattara ya tafi Maraɗi. Lokacin garin yana cika yana batsewa saboda gyaɗa. Kamiyo, manyan motocin kaya, na shiga na fita, kantuna na tsirowa, ƴan kasuwa na gina gidajen siminti. A filin jirgi ya samu aiki, kuma aikin shi ne korar awaki da shanu daga kan hanyar saukar jirgi. Wani ƙaramin jirgi ne yake tasowa daga Yamai, ya ɗan sauka ya ajiye ma'aikatan gwamnati da buhunan wasiƙu, ya wuce Damagaram. In ya tashi, sai Ɗan Azumi ya koma inuwa ya jira wata rana.

Amma in ya zo gida ranar kasuwa, sai ka rantse shi yake tuƙa jirgin. Ya samo wata tsohuwar rigar kaki da hular da wani matuƙi ya jefar. Ana gaishe shi da Hausa yana amsawa da "wi, wi". In uwarsa Inde ta kawo masa tuwo sai ya tambayi cokali, a gidan da ba a taɓa ganin cokalin ƙarfe ba. Ya auri Ɗelu, wata yarinya mai haƙuri ƴar Safo, ya ajiye ta a gidan Wada ya koma wurin awakinsa.

Wata rana yana tsaye kusa da taga sai ya ji wani Bature ɗan kamfanin jirage yana hira da shugaban filin. Faransancin Ɗan Azumi bai wuce na gaisuwa da zagi ba, amma ya tsinci ƴan kalmomi, sauran kuma wani magatakarda ya fassara masa. Baturen cewa ya yi jirgi kaya yake bi. In gari yana da abin da zai cika ciki, ko kayan lambu ko fasinja, kamfani da kansa zai buɗe sabuwar hanya, ko zuwa Abijan ko zuwa Faransa. Ya ba da misali da ariko, wato koren waken nan da Turawa suke ci da kwasfarsa tun bai nuna ba.

Wannan magana ita ta kashe gidan Inde.

Ɗan Azumi ya dawo Madarumfa ya tara mutane a gindin tsamiyar masallaci bayan la'asar. Ya tsaya, su suna zaune.

"Ku dai kun saba da duhu," in ji shi. "Maraɗi ta zama birni, ku kuna nan kuna shan hura da ƙudaje. Mu ma'aikatan abiyo mun gama magana. Ku tuge albasa da tonka, ku shuka ariko. Da zarar mun tara kaya, jirgin Faransa zai riƙa sauka Maraɗi saboda mu."

Wani masunci tsoho, Ɗan Baba, ya tambaye shi, "To, wa zai saya?"

"Baba, wannan ba tambayar mai ilimi ba ce."

Mutane suka yi dariya suka watse. Shi kuwa ya shiga gida ya tayar da rigimar gado. Wada ya yi ta lallashi.

"Ɗan Azumi, bar gonar nan a haɗe. Daga ita Inna take ci, daga ita matarka take ci."

"Yaya, kai ka zauna da geronka. Ni na ga duniya."

Aka raba. Ya sayar da rabonsa na gonar gero, ya matsa aka sayar da san noma, ya sayo iri da buhunan taki. A rabin lambun da ya faɗo masa ya sa aka tuge albasar Inde tana tsaye tana kallo, tun albasar ba ta yi kai ba. Shi bai taɓa ƙasa ba. Ɗelu ce ta yi shuka, ita ta riƙa jan ruwa daga tafki safe da yamma da goyo a baya, shi yana zuwa daga Maraɗi ya zagaya da hannu a aljihu yana gyara mata kuskure.

Ƙasar bakin tafki ba ta da rowa, waken ya yi kyau. Aka tsinke aka cika kwanduna, aka ɗora a amalanken jaki. Ranar tafiya Ɗan Azumi ya sa kakinsa, ya bi ta tsakiyar kasuwa maimakon hanyar bayan gari, don kowa ya gani.

A filin jirgi shugaban ya fito ya dubi kwandunan, ya dubi Ɗan Azumi.

"Wa ya aiko da wannan?"

"Ni ne, Mushe," in ji shi, wato yallaɓai da Faransanci. "Na Faransa ne."

"Wa ya ce yana so a Faransa?"

Sai a lokacin ta bayyana cewa duk wannan hidima da ya yi bai taɓa tambayar kowa komai ba. Babu mai saye, babu ɗakin sanyi, babu akwatunan zubawa. Jirgin da ya sauka ran nan shi ne dai ƙaramin nan na kullum, cike da ma'aikata, ko kwando guda ba shi da wurin sa shi. Shugaban ya ce ya kwashe kayansa. Ɗan Azumi ya ƙi. Ya jera kwandunan a jikin wayar shingen filin ya ce zai jira jirgi na gaba, wai watakila a turo babba in labari ya kai Yamai.

Waken ya yi yaushi a rana, ya fara wari. Awakin unguwa, waɗanda dama sun san filin sun san mai korarsu, suka shigo garke guda. Ana cikin haka jirgi ya iso, ya tarar da hanyar saukarsa cike da dabbobi, ya yi ta zagaya sama mutanen ciki suna salati. Kafin la'asar an sallami Ɗan Azumi.

Da wani ne, da ya dawo gida ya sunkuyar da kai. Shi da ƙara ya dawo. Laifin mutanen gari ne da suka ƙi shukawa, don jirgi ba ya tasowa daga Faransa saboda ƴan kwanduna. Laifin Ɗelu ne da ta tsinke waken da ƙazamin hannu. Laifin shugaban fili ne mai hassada. Ya zauna a gidan Wada yana cin geron Wada yana zagin noman gero.

Da ya ga kaya bai kira jirgi ba, sai ya koma kan mutane. A lokacin mai niyyar Makka daga yankinmu mota yake shiga ta Ɗan Issa da Katsina zuwa Kano, can ya hau jirgi. Ɗan Azumi ya shiga bin gidajen masu niyya yana cewa su dakata. In suka taru da yawa suka ƙi tafiya Kano, dole a kawo musu jirgi Maraɗi ya kwashe su kai tsaye zuwa Jidda. Yawanci suka ce masa Allah ya ba da sa'a, suka yi tafiyarsu. Mutum ɗaya ne ya saurare shi, tsohon nan Ɗan Baba. Shekaru ya yi yana tara guzuri daga kamun kifi, ga shi ƙafafunsa sun kumbura, yana tsoron wahalar mota.

"Ɗana, ka tabbata?"

"Baba, bana ba sai baɗi ba. Daga ƙofar gidanka sai ƙofar jirgi."

Bana ta wuce, baɗi ta wuce. Ɗan Baba ya kwanta ciwo da damina, ya rasu da haraminsa a naɗe cikin adaka. A wurin zaman makoki, ƴaƴansa na karɓar gaisuwa, Ɗan Azumi ya buɗe baki ya ce gwamnati ce ta kashe tsohon da jinkirinta. Babban ɗan mamacin ya miƙe, sai da mutum uku suka riƙe shi. Daga ranar babu mai matsa masa a tabarma in ya zo zama.

Sai ga shekarun fari. Gero ya bushe tun bai fitar da kai ba, tafki ya ja baya ya bar laka mai tsagewa. Wada ya riƙa auna abin da ya rage a rumbu yana ciyar da gida biyu. Inde ta rasu a cikin wannan hali. Ɗelu ta kwashi ƴaƴanta ta koma Safo wurin iyayenta, ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma dawo ba.

A cikin wannan yunwa ne manyan jirage suka fara sauka Maraɗi, irin waɗanda ba a taɓa gani ba, suna sauke buhunan jar dawa ta taimako. Ɗan Azumi ya ruga can ya samu dako. Da ya dawo, fuskarsa sai ƙyalli take yi, a garin da ake binne yara.

"Yaya, ban faɗa muku ba? Ga manyan jirage sun zo. Kuna ta yi mini dariya."

Wada yana zaune yana gyaran igiyar guga. Bai ɗaga kai ba.

"Sun zo. Kaya ka ce suna bi, ga shi yunwarmu suka biyo. Tashi ka ba ni wuri."

Da aka samu damina jiragen suka daina zuwa, filin ya koma yadda yake. Ɗan Azumi ya gangara Ɗan Issa ya zama ɗan kamasho a tasha, yana kiran fasinja yana ɗaure kaya a kan mota. Can ya ƙare. Masu canjin kuɗi sukan ba shi goro su sa shi labarin jirgi don su yi nishaɗi, shi kuwa yana ɗauka girmamawa ce.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in Allah ya kira Wada Makka. Da ayarinsu ya iso Ɗan Issa, ƙanensa ne ya loda motar. Ya leƙo ta taga ya fara ba su darasi da ƙarfi don duk tasha ta ji, yadda ake ɗaura ɗamara a kujera, yadda ake haɗiye yawu in kunne ya toshe, wane gefe ne ya fi daɗin zama.

Wata tsohuwa a cikin motar, Atika, ta yarda da shi har ga Allah. Ta ce, "Malam, in ya tashi sama, cikin mutum yana juyawa? Kai yaya ka ji ranar farko?"

Wada ne ya amsa mata.

"Hajiya, bai taɓa hawa ba. Ko tsaninsa ba su bar shi ya taka ba."

Direba ya tayar da mota. Ɗan Azumi ya buga bayanta da tafin hannu, ya juya wajen wasu mata da suka sauko da ƙullin kaya, yana ta ihun Katsina, saura mutum biyu.