Tukwanen Ya Gumsu

Duk wanda ya tashi a Azare kafin yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, in dai da ɗaci uwarsa ta yaye shi, to da wuya in ba daga gidan Ya Gumsu ɗacin ya fito ba. Mace ce 'yar siririya, baƙa, mai tsagar Barebari, ga baki kamar reza. In ta buɗe shi a kan yaro, har kajin unguwa sai sun nutsu.

Mutuniyar Katagum ce, tsohon garin nan na bakin kogi. Aure ne ya kawo ta Azare, a shekarun da mutane ke ta kwasowa suna bin kasuwa zuwa sabon gari. Ranar da za a ɗauko ta, uwarta ba ta da wasu tasoshin jere na a zo a gani. Sai ta zaga bayan ɗaki ta ciro 'yar kabar giwa, tsiron nan mai kaurin ganye da ƙaya a gefe, mai ɗige-ɗige kamar jikin zabuwa. Ta dasa ta cikin wata tsagaggiyar tukunyar miya, ta ɗora wa 'yarta a cinya bisa jaki, ta ce, "Da ita aka yaye ni, da ita na yaye ki. Ki riƙe."

Ba a yi damina uku ba tsohuwar ta rasu. 'Yan'uwa suka watse, ɗakuna suka zube, aka nome wurin. Abin da ya rage wa Gumsu na gidansu ke nan a duniya, tsiro guda cikin tukunyar miya.

Ta kuwa riƙe. Kabar giwa ta yi 'ya'ya, 'ya'yan suka yi nasu, sai ga tukwane jere a gindin katanga. Ta samo tsiron nan karan masallaci ta ƙara, ta samo ƙerana mai farin ƙaro da ke makantar da ido, ta ajiye ta can sama inda hannun yara ba ya kaiwa. Babu lafiyayyar tukunya ko ɗaya a cikinsu. In tukunyar wata mace ta tsage a unguwa, ba a yarwa, sai a aika wa Ya Gumsu. Rairayi take zubawa da ɗan tsakuwa, ba taki, ba komai. Ruwa kuwa sai ta tura yatsa ta ji ƙasa ta bushe ƙamas har ciki, sannan ta yayyafa ɗan ludayi, ya bi tsaga ya fice. Da damina rungumar su take ta kai ƙarƙashin rumfa, tana yi wa hadari tsaki.

Mata na zuwa da goyonsu. Ta yanko ganye, ta matse ruwan nan mai yauƙi, a shafa a kan nono. Yaro ya kai baki, ya yamutsa fuska, ya dubi uwarsa duban wanda aka ci amanarsa, ita kuwa Ya Gumsu ta yi ta ƙyaƙyata dariya. Mai ƙunar wuta ma ya zo, mai kaikayi ya zo. Ganye kyauta ne. Amma ka ce ta ba ka ɗan tsiro ka dasa a gidanka? Tab! Nan za ka ji abin da ya hana ka barci. "Uwar wani ce ta ba ni?" in ji ta. Rowa ce, a faɗi gaskiya, rowa ce tsagwaronta, kuma kowa ya san da haka.

Mijinta Malam Jumare ɗan lambu ne. A bakin tafki yake wuni yana jan jigo, yana ban ruwan albasa da tattasai. Bafulatani ne, kunya ta yi masa katutu. Tunda aka kawo ta bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke". Bai taɓa cewa miya ta yi daɗi ba, in ta yi, sai dai ya siɗe akushi. Tukwanen kuwa wuce su yake kamar katanga. Gumsu ta daɗe da yanke wa ranta cewa mutumin nan albasarsa kaɗai ya sani, kuma abin yana cin ta, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Wata bazara, ana tsakar yaƙin nan, aka aiko daga Gadau cewa 'yarsu Dijatu ta haifi tagwaye, jiki kuma ya ƙi daɗi. Gumsu ta ɗaure ƙunshinta. Har ta kai zaure ta juyo.

"Malam, ga amanar tukwanena."

Awakin maƙwabta take nufi, masu haurowa su ture mata kaya. Ba ta ƙara ko kalma ba, don me za ka yi wa mutumin da bai san abin yana nan ba bayani? Shi kuwa ya ce, "To," ya ci gaba da gyaran igiyar gugansa.

Ashe kalmar amana ta shige shi. Washegari ya tsuguna gaban tukwanen ya dube su da idon ɗan lambu, sai tausayi ya kama shi. Ƙasa fara fat, ganye ya yi ja don rana. Ya zuba ruwa, ruwa ya bi tsaga ya zurare. Ya ce a ransa, Allah sarki, baiwar Allah tana fama da fasassun tukwane duk shekarun nan, ba ta taɓa roƙona sabuwa ba.

Ranar kasuwa ya sayo sababbin tukwane, masu ƙara in an ƙwanƙwasa, ba huda ba tsaga. Ya ɗebo baƙar lakar bakin tafki, ya cuɗa da kashin shanu ruɓaɓɓe, irin wanda yake yi wa albasar da ya fi ji da ita. Ya sauya musu mazauni ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin tukwanen ya kai juji. Rijiyar gidan tana da zartsi, don haka daga lambu yake ɗauko ruwa a garwa biyu, da sanda a kafaɗa, safe da yamma. Dattijo da furfurarsa! Abokansa na gindin tsamiya suka samu abin yi. "Jumare, ga-ruwa ka koma? Nawa ne garwa?" Ya sunkuyar da kai ya wuce.

Da fari ganye ya kumbura ya yi kore shar, har yana tsayawa yana kallo. Daga baya ya ga sun fara langaɓewa. A saninsa, shuka in ta langaɓe ƙishi take ji, sai ya ƙara ruwa.

Sai da Dijatu ta yi arba'in ta miƙe sannan Gumsu ta dawo, da la'asar. Tun daga zaure wani wari ya tare ta. Ta shigo, ta ga sababbin tukwane jere, an share gabansu, ruwa kwance a kan laka yana ƙyalli. Malam Jumare yana tsaye a gefe da garwa, ya kawar da kai, wai shi ba yabo yake jira ba.

Ta ajiye ƙunshi. Ta nufi babbar, uwar sauran, wadda ta hau jaki da ita daga Katagum. Ta kama ganye a hankali, sai duk kan ya biyo hannunta, gindin ya zama baƙin kunu. Ta kama ta kusa, haka. Ta bi su har ƙarshe, ko ɗaya ba ta samu mai sauran rai ba. Kuma babu gidan da za ta je ta ce a sam mata iri, don ita da bakinta ta hana kowa.

Matan maƙwabta sun riga sun leƙo ta kan katanga, suna jiran aradu ta faɗi.

Shi ɗan lambu ne, ya san ruɓa in ya gan ta. Garwar ta kuɓuce masa. Ya ce, "Ke... ni na kashe su?"

Ta ɗago, maganar tana bakinta, ta riga ta wasa ta. Sai idonta ya sauka a kafaɗarsa, inda riga ta zame. Sandar garwa ta ci wurin ya yi gyambo, ya ɗora tsumma a kai. Ta dubi tukwanen, ta san kuɗin albasarsa na bana ne a jere a gabanta.

Zama ta yi daɓas a ƙasa, ta fashe da kuka, kukan da ba ta yi ba ko ranar da aka aiko mata da rasuwar uwarta. Yau ne uwar ta mutu mata da gaske, ta san haka. Kuma yau ne ta san mutumin nan da ta yi wa kallon dutse yana ganinta tun tuni. Baƙin ciki da daɗi suka haɗe mata, ta rasa wanne take yi wa hawaye. Matan katanga suka sulale ɗaya ɗaya.

Da ta gaji ta share fuska da bakin zane. Yana nan tsaye inda yake, kamar mai jiran hukuncin alƙali.

"Malam."

"Na'am."

"A cikin shuke-shukenku na lambu, wanne ne ba ya ƙoshi da ruwa?"

Ya ce da ƙyar, "Na'ana'a."

"To gobe ka zo da irinta. Tukwane sababbi ba sa zauna haka nan ba." Ta miƙe ta karkaɗe zane. "Zauna in ga kafaɗar nan. Maganinta dai ka riga ka kashe shi, sai mu nemi man shanu."